Uba ya tafi da ƴaƴa bayan saki: wace doka ya kamata mu nema?

Wata malamar lakwal daga unguwar Zariya a Maraɗi ta aiko da wannan tambaya: "Mijin ƙanwata ya sake ta bara. Da ƙaramar Salla ya zo ya ce zai kai yaran su gaida mahaifiyarsa, namiji ɗan shekara 5 da mace ƴar shekara 3. Yau wata huɗu ba mu sa su a ido ba. An ce ya aje su wurin wata ƴar'uwarsa a Katsina, shi kuma yana nan cikin gari yana harkokinsa. Da muka kai ƙara aka ce mana ai ubansu ne. Shin babu doka ke nan? In babu, mu matan ƙungiya muna so mu tashi mu nema. Ta ina za mu fara?"

Malama, Allah ya bayyana su cikin ƙoshin lafiya, ya sanyaya zuciyar ƙanwarki. Na daɗe ina aikin ba da shawara kan shari'ar iyali a nan Maraɗi, tsakanin kotu da zaurukan masu unguwa, kuma wannan magana ta "ai ubansu ne" na ji ta har ban san adadi ba. Akwai wata da ta yi shekara biyu tana zuwa wurina da katin rigakafin ɗanta a ƙulle cikin leda. Duk zuwan da za ta yi sai ta warware ledar, ta shimfiɗa katin bisa tebur, ta nuna mini allurar da ta rage ba a yi masa ba. Wannan katin shi ne kaɗai takardar da take da ita a duniya da ke nuna cewa ta taɓa haihuwar yaron.

Dokar akwai ta, amma ƙofarta ƙarama ce. Kundin hukunta laifuka da muke da shi tun 1961 ya tanadi horo ga uba, ko uwa, ko wani mutum daban, da ya ƙi miƙa yaro ga wanda ke da haƙƙin karɓarsa, ko ya ɗauke shi daga hannunsa, ko da ba da ƙarfi ba. Sai dai akwai sharaɗi: sai in kotu ta riga ta yanke hukunci kan wanda zai riƙe yaron. Wanda ya ce muku "ubansu ne" abin da yake nufi ke nan, ko da bai yi muku bayani ba. Ba shi da takardar da zai riƙe ya ce uban nan ya taka ta. Yanzu ki dubi yadda aure ke mutuwa a garin nan. Kalma ce a baki, ko layi biyu a takardar da aka yago daga littafin ɗan lakwal. Mace ta kwashe kayanta, ta yi idda gidan iyayenta, babu wanda ya zauna ya rubuta inda yaran za su kwana, wa zai ciyar, yaushe ɗayan zai gan su. Daga ranar, yaro ya zama na wanda ya fi saurin hannu da kuɗin mota.

Abin da ya jawo haka shi ne Nijar ba ta da kundin dokar iyali har yau. Dokar tsarin kotuna, daga ta 1962 zuwa ta 2004 har ta 2018, ta ce a maganar aure, saki, nasaba da gado, alƙali zai yi aiki da al'adar masu shari'ar, yana zaune tare da mashawarta da suka san al'adar. To wace al'ada? A bakin mutane, ɗa na uba ne, da an yaye shi yana iya aikowa a ɗauko. A kotu an fi barin yaro wurin uwa har ya kai kamar shekara 7, sannan a duba. Mutane da yawa sun ɗauka wannan shi ne addini, kuma a nan nake so ku tsaya da kyau, domin makaminku mafi kaifi yana nan.

Mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi al'adarmu tausayin uwa nesa ba kusa ba. Risala, wadda babu makarantar zaure a Maraɗi da ba a karanta ta, ta faɗa ƙarara cewa reno bayan saki na uwa ne, har namiji ya balaga, mace kuma har ta yi aure ta tare. In uwa ta rasu ko ta yi wani aure, renon ya koma ga kaka, sannan ƴar'uwar uwa, kafin a gangaro. Wata mata ta zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce ɗan nan cikinta ne ya ɗauke shi, nononta ya sha, cinyarta ce makwancinsa, ga shi ubansa ya sake ta yana son ya ƙwace shi. Ya ce mata ita ta fi cancanta da shi muddin ba ta yi aure ba. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Tirmizi kuma ya ruwaito cewa wanda ya raba uwa da ɗanta, Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama. Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 233, ya hana a cutar da uwa saboda ɗanta, ya kuma hana a cutar da uba saboda ɗansa.

Akwai ƙissar da nake son kowace ƴar ƙungiyarku ta haddace, tana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Sayyidina Umar ya rabu da wata matarsa Ba'ansariya, suna da ɗa mai suna Asim. Wata rana ya je Ƙuba, ya tarar da yaron yana wasa a farfajiyar masallaci, sai ya kama damtsensa ya ɗora shi gabansa bisa abin hawa. Kakar yaron ta biyo shi, suka yi jayayya, har suka kai gaban Halifa Abubakar. Umar ya ce ɗana ne, ita ma ta ce ɗana ne. Abubakar ya ce wa Umar ya sakar mata shi, kuma Umar bai ƙara cewa uffan ba. Ki lura da abin da ya faru: uba ne na halak, ba baƙo ba, ya ɗauki ɗansa ba tare da yardar mai reno ba, shugaba ya sa ya mayar nan take. Duk dokar da za ku nema, wannan ce ƙashin bayanta.

Amma kada ku ɓoye ɗaya ɓangaren, domin malamai za su tayar da shi kuma suna da gaskiya. Uba shi ne waliyyi. Ciyarwa, tufatarwa, karatu da tarbiyya suna wuyansa, kuma babu mai hana shi ganin ɗansa. Littafin Muhtasar na Shehu Halil ma ya ba shi damar tafiya da yaro in zai ƙaura ne ƙaura ta zama, zuwa wuri mai nisan barid shida, abin da a lissafin da aka fi yi ya kai kilomita 120 ko fiye, da sharaɗin hanya da wurin suna da aminci, sai in uwar ta yarda ta bi su. Tafiyar fatauci ba ta ciki. Tsohon mijin ƙanwarki kuwa bai ƙaura ba, yana nan cikin gari, ya dai kai yaran ya ɓoye su ne da sunan gaisuwar Salla. Babu littafin fiƙihun da ya ba shi wannan.

Kuma ba maza kaɗai ke yi ba. Na zauna da wani tela da tsohuwar matarsa ta ce za ta je biki Agadas da ƴarsu, daga nan labari ya yanke. Ya riƙa ɗinka wa yarinyar kayan Salla kowace shekara da ƙiyasin tsawon da ta kai, yana ninkewa yana ajewa a akwati. In kuka fito da wannan magana a matsayin faɗan mata da maza, kun rasa irin wannan mutum, alhali shi ne shaidar da za ta fi ratsa majalisar maza.

To me za ku nema? Mutane da sun ji an ce doka, sai hankalinsu ya tafi ga kaso. Ni a ganina kaso shi ne na ƙarshe. Abu na farko takarda ce. A wajabta cewa duk auren da ya mutu da ƙananan yara, ko a kotu aka raba, ko gaban alƙalin fada, ko mai gari, ko liman, ba a tashi daga zaman ba sai an rubuta wurin wa yaran za su zauna, nawa uba zai riƙa bayarwa, ranakun da ɗayan zai gan su, ina za su yi hutu da Salla, da kuma cewa ba a fita da su daga gari fiye da kwanaki kaza sai da sanin ɗayan. Sarakunanmu da masu unguwanni dama doka ta ba su ikon sasanta jama'a a al'amuran al'ada, kuma suna rubuta takardar sulhu. Abin da ya rage shi ne a tsara takarda iri ɗaya, da Hausa tunda ita ce harshen ƙasa tun 2025, har da ajami ga mai so, a kai ta kotu alƙali ya sa hannu cikin ƴan kwanaki ba tare da an biya ko dala ba. Da zarar ta samu hannun alƙali, tsohuwar dokar nan ta 1961 ta samu abin kamawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ake rabuwa, dangi na zaune, kowa na jin kunyar kowa, ita ce ranar da uba zai yarda da abin da ba zai yarda da shi ba bayan wata shida, in ya ji tsohuwar matarsa ta samu manemi. A abin da na gani, labarin sabon aure ko rigimar kuɗin ciyarwa su ne suka fi tunzura ɗaukar yara.

Na biyu shi ne sauri, kuma shi ya fi damuna. Shekara ɗaya a wurin babba ba komai ba ce, amma ga ƴar shekara 3 kashi ɗaya cikin uku ne na duk rayuwarta. Na halarci ranar da aka dawo da wani yaro bayan shekara uku. Uwar ta durƙusa a tsakar gida ta buɗe hannuwa tana kiran sunan da take kiransa da shi, shi kuwa ya ruga ya laɓe bayan zanen matar ubansa yana leƙenta. An gaya masa ta rasu. Shari'a ta ba ta gaskiya, amma ɗan da aka miƙa mata ba ya cin abincin hannunta sai da aka yi makonni. Saboda haka ku nemi a sa wa'adi: in an ɗauke yaro daga inda ya saba zama, alƙali ya ba da umarnin mayar da shi cikin kwanaki ƙidayayyu, tun kafin a shiga doguwar maganar wa ya fi cancanta. A mayar tukuna, sannan a yi shari'a. In ba haka ba, wanda ya ɗauka shi ke cin ribar jinkiri, don daga baya zai ce yaro ya saba, ya shiga makaranta, kada a tayar masa da hankali. Muna da alƙalan yara tun 1999, ana iya ɗora musu wannan aiki ba sai an gina sabuwar kotu ba.

Sannan a zo kan horo. A faɗaɗa laifin ya haɗa da ɓoye yaro ko fitar da shi ƙasar waje ko da babu hukuncin kotu, ya kuma hau kan gwaggo ko baffan da ya karɓi ajiya yana sane. Wasu ƙasashe sun yi haka: Amurka tun 1993 tana ɗaure uba ko uwar da ta tsallaka da yaro har shekara 3, Faransa ma shekara 3 ce in an riƙe yaron a waje. Amma a bar ƙofa, wanda ya dawo da yaro da kansa cikin wa'adi a sassauta masa, domin abin da ake nema yaron ne, kuma uban da ke kaso ba ya ciyarwa. Dole kuma a keɓe matar da ta gudu da goyonta cikin dare saboda duka. In aka rubuta dokar babu wannan keɓewa, ita za a fara kamawa da ita.

Akwai wata hanyar ɓoye yaro da ba a cika kiranta da sunanta ba. Uba ya karɓe ɗan shekara 6 daga hannun uwa, ya haɗa shi da wani malami mai tafiya gabas, in an tambaya ya ce karatu ya kai shi. Wa zai ja da karatun Alƙur'ani? Amma in an yi shi ne don uwa ta rasa inda ɗanta yake, dokar ta ba ta haƙƙin sanin garin da sunan malamin, da haƙƙin zuwa ganinsa.

Maganar iyaka ita ce mai wuya. Duniya tana da yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Heg na ƙasar Holan ranar 25 ga Oktoba 1980, wadda ƙasashe sama da 100 suka shiga. Ta shafi yaran da ba su kai shekara 16 ba. Kowace ƙasa tana naɗa ofishi guda da ke karɓar koke daga takwaransa, kotun ƙasar da aka kai yaro ba ta shiga maganar wa ya cancanci reno, aikinta ta mayar da shi inda ya saba zama, ana kuma son a gama cikin mako shida. Tana iya ƙin mayarwa in akwai babban haɗari ga yaron, ko in an wuce shekara kafin a kai ƙara kuma ya riga ya zauna daram. Burkina Faso ta shiga tun 1992, Maroko a 2010, Tunisiya a 2017, don haka ba abin da ƙasar Musulmi ba ta iya shiga ba ne. Nijar ba ta ciki, kuma ya dace ku sa shigarta cikin buƙatunku, musamman saboda ƴan'uwanmu da ke aure a Turai. Sai dai Najeriya ma ba ta ciki, yaranmu kuwa Jibiya, Katsina, Kano da Zamfara ake kai su. Abin da zai yi mana aiki a Maraɗi shi ne yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, ta yadda takardar alƙalin nan za ta yi magana a can. Akwai hukumar haɗin gwiwa ta Nijar da Najeriya tun 1971 mai mazauni a Yamai, ga kuma zumuncin da ke tsakanin fadar Sarkin Katsinan Maraɗi, ta Sarkin Gobir a Tsibiri, da masarautun ƙetare. Sau da yawa wasiƙar fada ta fi ta ofis saurin isa.

Wasu za su ba ku shawarar a hana kowane yaro tsallaka iyaka sai da takardar yardar iyaye biyu. Ban goyi bayan ku sa ƙarfinku a nan ba. Iyakar ta kai kusan kilomita 1,500, mutane na wucewa suna, biki da cin kasuwa kullum, wanda ya yi niyya kuma ba ta mashigar iyaka ta Ɗan Isa zai bi ba, kabu-kabu zai hau ya ratsa gonaki. Talaka mai gaskiya ne zai sha wahalar takardar. Abin da ya fi shi ne alƙali ya iya ba da umarni kan yaro guda da ake jin tsoron za a gudu da shi, a aika sunansa da hotonsa ga jami'an iyaka da tashoshin mota, a kuma hana yi masa fasfo.

Game da yadda za ku tafiyar da neman, ku ɗauki darasi daga kundin dokar iyali. Tun shekarun 1970 ake rubuta shi, ƙungiyoyin addini suka ƙi shi a 1994, aka sake gwadawa a 2011 aka sake janyewa. An ɗora masa kaya da yawa a lokaci guda, gado, mata fiye da ɗaya, shekarun aure, jama'a kuma suka ɗauke shi baƙon abu. Ku taku ta zama ƙarama, magana ɗaya tak: kada a raba yaro da uwa ko uba ta hanyar sata. Ku fara da malamai, na ɗariƙa da na Izala, da malamai mata masu makarantun Islamiyya, ku roƙe su su karanta babin reno a wa'azi da gidajen rediyo. In an je gaban hukuma kuma, ku tuna mata alkawarin da ta riga ta ɗauka. Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1990, wadda sashenta na 11 ya wajabta yaƙi da fitar da yara waje da ƙin dawo da su, na 9 kuma ya ba yaro haƙƙin hulɗa da iyayensa biyu. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yaro, a sashe na 29, ta hana sace yaro ta ambaci iyaye da bakinta. Tunda babu majalisar dokoki tun Yulin 2023, takardarku ma'aikatar shari'a za ta nufa, da ma'aikatar da ke kula da mata da yara, da majalisar shawara da aka kafa a 2025. Kafin nan ku sayi babban littafi, ku bi unguwa-unguwa, Bagalam, Mokoyo, Ali Ɗan Sofo, har Madarunfa da Gidan Runji, ku rubuta kowane lamari: shekarun yaro, wa ya ɗauka, ina aka kai shi, wata nawa, akwai takarda ko babu. Ku sakaya sunaye. Hukuma tana iya kawar da kai daga kuka, amma littafi mai ɗauke da lamari ɗari daga jiha guda yana da wuyar turewa.

Ita kuwa ƙanwarki kada ta jira sabuwar doka, wata huɗu ya riga ya yi yawa. Cikin makon nan ta shigar da ƙarar neman reno a kotu, tunda uban yana gari ana iya kiransa, ta roƙi hukuncin wucin gadi da zai umarce shi ya kawo yaran. In ya ƙi bayan hukuncin, ya shiga laifin da na faɗa a farko, sai ta kai koke wurin mai gabatar da ƙara na gwamnati. In babu kuɗin lauya, ta tambayi ofishin hukumar ANAJJ mai taimakon marasa hali kan shari'a. A lokaci guda waliyyinta ya je wurin mai unguwa a nemi wasiƙar fada zuwa ga mai unguwar da yaran suke a Katsina. In ta kama a je can, kotunan shari'ar Musulunci na Katsina da Malikiyya suke hukunci, babin renon nan da na kawo shi ne a gabansu. Kada wani ɗan'uwa ya ce zai je ya sato su ya dawo da su, yaran za su firgita karo na biyu, ita kuma ta ɓata hujjarta. Ta haɗa takardun haihuwarsu, in babu ta nemi na kotu, da takardar sakin, da katin rigakafi, da hotunansu na kusa, da saƙonnin muryar da ya turo a WhatsApp ranar da ya zo ɗaukarsu. Ta kuma je da mutum biyu da suka ji da kunnensu lokacin da ya ce gaisuwar Salla zai kai su ya dawo da su.